Zubewar Gashi: A Fara Buɗe Kan a Duba

 

Yau zan taɓo wata damuwa da ba kasafai ake kawo ta gidan rediyo ba, saboda ɗankwali da hula sun rufa mata asiri. Zubewar gashi nake nufi. Akwai matar da ta shekara ba ta yarda ko ƙawarta ta ga kanta a buɗe ba. Akwai saurayin da bai kai talatin ba, amma ko zafin bazara ba ya raba shi da hula. Wanda abin bai shafa ba zai ce ai gashi ne kawai, ba ya hana cin tuwo. Wanda ya shafa shi ne ya san yadda yake hana barci.

Hanyar da akasarinmu muke bi sananniya ce. A fara da man da ƙawa ta yaba. In bai yi ba, a sayi haɗin da ake talla da lasifika a bakin kasuwa ko a WhatsApp. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ce da sa hannu, a nufi wajen malam. Likita shi ne na ƙarshe, in ma an je, kuma sau da yawa sai bayan shekara biyu ko uku. Ban zo kushe man kaɗanya ba, addu'a kuwa ba mai imanin da zai raina ta. Ƙorafina a kan wannan jerin ne, domin a wasu cututtukan, shekarun da aka ɓata ana gwaje-gwaje su ne suke raba gashin da zai dawo da wanda ya tafi ke nan.

Ga dalili. Kan mutum yana ɗauke da tushen gashi kimanin 100,000, kuma da su aka haife shi, jiki ba ya ƙera sababbi daga baya. Kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, wajen santimita ɗaya a wata, sannan ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya tsiro a gurbinsa. Shi ya sa lafiyayyen mutum yake zubar da sili 50 zuwa 100 kullum. 'Yar'uwa, in kitsonki ya yi mako biyu kika tsefe, kika ga dunƙulen gashi a mataji, kada hankalinki ya tashi, na kwana 14 ne ya taru ya fito lokaci ɗaya. Abin da likitan fata yake fara nema in ya duba kai shi ne, tushen yana raye ko ya mutu? In yana raye, akwai sa rai. In wurin ya zama tabo, fatar ta yi sulɓi tana sheƙi, ƙofofin gashin sun shafe, to gonar da ba iri a cikinta ko an juye mata takin duniya ba ta tsirowa. Ba man da zai tayar da shi, na kanti ko na gargajiya.

Mu fara da mai sauƙin. Mai jego takan ga gashinta yana zuba sosai wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, ta gama wanka ke nan ta koma ɗakinta. Haka wanda ya tashi daga doguwar jinyar taifot ko zazzaɓi mai tsanani, ko aka yi masa tiyata, ko aka yi masa babban rashi. Gashi mai yawa ne ya shiga hutu lokaci guda, ya zube lokaci guda, tushen kuwa lafiyarsa lau. Galibi cikin wata 6 zuwa shekara komai ya daidaita ko ba a shafa komai ba. A nan masu sayar da haɗi suke samun shaidu. Mace ta sayi kwalba a wata na huɗu, gashi ya dawo a na takwas, ta rantse man ne, kuma har zuciyarta haka ta yarda. Amma in zubewar ta zarce wata 6, musamman in akwai kasala da jiri da haki, a je a auna jini. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu masu haihuwa kusa-kusa, kuma yana zubar da gashi. Haka matsalar halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura muke ce mata maƙoƙo. Gwajin jini ne yake nuna su, maganinsu kuma na sha ne.

Inda nake so mu daɗe shi ne wajen kitso. Ku tuna jajiberin Sallah a kowace unguwa. Yarinya 'yar shekara biyar a kan tabarma, kanta tsakanin gwiwoyin makitsiya. An tsaga da kibiya, an kamo 'yan gashin gaban goshi da yatsa ma da ƙyar yake riƙe su, an ja har girarta ta ɗaga. Tana cewa, "Umma, da zafi." Umma ta ce, "Ki daure mana, so kike ya warware kafin hawan Sallah?" Makitsiya ta ƙara da, "Ƙyale ta Hajiya, gobe zai saki." Da dare yarinya ta kasa ɗora kai a matashi, a ba ta farasitamol. Bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje su feso a bakin tsagar, a shafa musu mai a ce zafi ne.

Ƙurajen nan alama ce tushen ya ji rauni. In sau ɗaya ne zai warke. In aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, da ƙananan kitso, da ɗaurin ribom mai tsauri, da nauyin gashin doki ko ulu, sai gaban goshi da saman kunne su fara ja da baya. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ita da abokan aikinta sun duba kawunan mutane a unguwar Langa, suka fitar da sakamakon a 2007. Kusan mace ɗaya cikin uku tana da irin wannan zubewar, a cikin 'yan mata 'yan makaranta kuwa kashi 17 cikin ɗari. Sun kuma gano haɗarin ya fi yawa ga wadda ta sa man rilaksa sannan ta ɗora kitso mai ja a kai. Ƙididdigar can ce, amma irin gashin ɗaya ne da namu, kuma duk wadda take zama gidan kitso ta san zancen bai tsaya a Afirka ta Kudu ba.

Maganin wannan a farkonsa kyauta ne, a sassauta. Kitson da ya hana barci ko ya sa ciwon kai, a tsefe shi a ranar, ko nawa aka biya. A bar gashin goshi ya huta, a riƙa sauya tsaga, a ba da tazara tsakanin rilaksa da kitso. Makitsa, ku ne kuke ganin abin da ko miji ba ya gani. In kin ga goshin mai zuwa wajenki yana ja baya, ki gaya mata a asirce cikin mutunci, ki kuma sassauta hannu. Ki sa ido a tsakiyar kai ma. Akwai wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, daga nan take farawa tana faɗaɗa a hankali, wani lokaci da ƙaiƙayi ko raɗaɗi, wani lokaci shiru. Ita tabo take bari. Abin da likita zai iya shi ne ya tsayar da ita inda ta kai da magungunan kashe kumburi, abin da ta riga ta cinye kuwa ba ya dawowa. Irinta ce ake yi wa shekara uku ana shafa mai.

Sai yara maza. Ka leƙa makarantar allo ko firamare, ka dubi kawunan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Za ka ga fararen tabbai zagayayyu masu ɓarɓashi, gashin wurin ya kakkarye. Makero ke nan, wasu su ce ƙora. Ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, tana bin aska da kilifa da mataji da hula da matashin da ake tarayya a kai. Wanzami ɗaya, aska ɗaya, yara a layi ranar Alhamis. Mun saba ganinsa har mun ɗauka wani abu ne da dole yaro ya yi. Abin da ya fi ciwo shi ne irin maganin da ake yi masa. A kankare wurin da reza har ya yi jini, a goga tafarnuwa, wasu har man birki ko baƙin mai suke shafawa. Yaro ya sha azaba, fata ta ƙone, cutar kuma tana nan, domin a cikin silin gashin take zaune har can ƙasa inda abin shafawa ba ya kaiwa. Ko man kemis shi kaɗai bai isa ba. Maganinsa na sha ne, irin su girisofulbin, kullum har mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. In aka bar shi, wani yakan kumbura ya yi mugunya, ya warke da tabon da yaron zai tsufa da shi. Alarammomi da iyayen yara, wannan amana ce a wuyanku. A saya wa kowane yaro rezarsa, wanzami da mai shagon aski kuma su tsabtace kayan aiki kafin su taɓa wani kan.

Yanzu ga wanda ya fi jawo rigima a gidajenmu. Mace ta je kitso lafiya ƙalau, makitsiya ta ce, "Hajiya, me ya sami kanki?" A duba a ga fili zagayayye, faɗin kwabo, sumul, ba ƙurji ba ƙaiƙayi. Namiji kuma yakan gan shi a gemu. Nan take zuciya ta tafi wuri ɗaya, an yanki gashina an kai wa boka, ko aljani ne ya aske. Mu mutane ne da aka hore mu tun muna yara kada mu bar gashin tsifa a tsakar gida, don haka zargin a kusa yake. Kafin magariba an sami mai laifi, kishiya ce, ko facala, ko uwar miji, gida ya yamutse.

Likitoci sun san wannan cuta sarai. Garkuwar jiki ce take kuskure ta afka wa tushen gashi, ta dakatar da shi ba tare da ta kashe shi ba. Tana kama kimanin mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, Bature da Balarabe da Bahaushe, mai kishiya da wadda ba ta da ita, kuma ba a ɗauka daga wani. In filin ƙarami ne, sau da yawa yakan cike da kansa cikin shekara, sabon gashin ya fara fitowa siriri fari-fari kafin ya yi baƙi. Akwai kuma allurar da likitan fata yake yi a wurin don ya gaggauta fitowa.

Ban ce babu sihiri ba, ban ce babu kambun baka ba, Musulmi ya san matsayinsu. Amma ɗora wa wata baiwar Allah laifi ba hujja zunubi ne tabbatacce, Suratul Hujurat ta yi kashedi a kan zato. Ki riƙe azkar ɗinki, ki tofa Falaƙi da Nasi a hannu ki shafa, ki roƙi Allah lafiya a sujada, da safe kuma ki shiga layin asibiti. Malamin kirki shi ne zai yi miki addu'a sannan ya ce je ki a duba. Wanda kuwa ya fara da siffanta miki wadda ta yi miki asiri, ya bi da lissafin baƙin bunsuru da turare, ki tashi ki ba shi wuri.

Addininmu bai ɗauki larurar fatar kai da wasa ba. A shekarar Hudaibiyya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga sahabinsa Ka'abu ɗan Ujra cikin harami, kwarkwata na zubowa a fuskarsa. Ya umarce shi ya aske, ya yi fansa da azumin kwana uku ko ciyar da miskinai shida ko yanka, kuma aya ta 196 ta Suratul Baƙara tana ɗauke da wannan rangwame. Akwai kuma hadisin mutum uku na Banu Isra'ila da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuturu da mai ƙora da makaho. Da mala'ika ya tambayi mai ƙorar abin da ya fi so, kyakkyawan gashi ya roƙa, da a raba shi da abin da ya sa mutane suke ƙyamarsa, aka kuma ba shi. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa neman dawo da gashi gyaran aibi ne, bai shiga canza halitta ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta dashen gashi ga wanda nasa ya zube, musamman mace. Iyakar da aka shata ita ce ƙarin gashi. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito labarin matar da ta nemi izinin ƙara wa 'yarta amarya gashi bayan ƙyanda ta zubar da nata, aka hana ta. Irin wannan zubewar ta bayan zazzaɓi kuwa ita ce na ce tana dawowa da kanta. 'Yan'uwanmu Kirista ma sun san Luka mai bishara likita ne, addu'ar fasto ba ta hana zuwa asibiti.

Sanƙon maza ba zan daɗe a kansa ba. Gado ne, haɗe da wani sinadarin maza da ke sa tushen gashin goshi da tsakiyar kai ya yi ta ƙanƙancewa, hula da rawani ba ruwansu. Magunguna biyu ne suka daɗe da tabbata, minoksidil na shafawa, wanda Amurka ta amince da shi don gashi a 1988, da finasterid na sha, a 1997. Sai an yi watanni kafin a ga alama, kuma in an daina, abin da aka samu ya koma. Finasterid yakan rage wa wasu sha'awa, kuma haɗari ne ga ɗan da ke cikin mai juna biyu, don haka kada a saye shi a kan maganar aboki. Masu hali suna zuwa Turkiyya dashe. Wanda ya aske kansa tas ya ci gaba da harkarsa ma bai rasa komai a lafiyarsa ba.

To, ina matsayin kayan gida? Suna da nasu aikin, iyayenmu ba su yi wauta ba. Gashinmu murɗaɗɗe ne, yana saurin bushewa, in ya bushe ya karye, musamman da hunturu. Man kaɗanya da man kwakwa da alayyadi da man shanu suna riƙe masa laima. Karkashi da ganyen magarya suna wanke shi ba su busar da shi ba, yauƙin karkashi kuma yana sa mataji ya wuce bai tsinka ba. Garin cebe da matan Chadi suka shahara da shi, a jikin gashin suke shafa shi da mai su kitse, sirrinsa hana karyewa ne, sai tsawon ya taru. Duk wannan hidimar silin da ya riga ya fito ce. Wadda matsalarta karyewa ce za ta ga amfani. Wadda tata a tushe take ko a jini, za ta yi ta ƙarar da kwalabe tana jira. Habbatus sauda da man zaitun masu albarka ne, a ci a shafa, amma ba su sauke wa mutum nauyin sanin abin da ke damunsa ba.

Wanda nake tsoro shi ne haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, kwalba ba suna ba adireshi, mai ita yana rantsuwa cikin mako biyu gashi zai sauko kafaɗa. Gashin da santimita ɗaya yake yi a wata? Wasu ana zuba musu mayukan kemis masu ƙarfi irin na bilicin, su lafar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, su sirantar da fata, makero kuma ya ƙara bazuwa a ƙarƙashinsu. Garin neman gira a rasa ido. Ko lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ba shaida ba ce cewa yana tsirar da gashi.

Na san wani zai ce, ina likitan fatar yake? Gaskiya ne sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma yawancinsu suna manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da babban asibitin ƙasa na Yamai. Mutumin karkara sai ya haɗa kuɗin mota da na kwana. Ya kamata hukumomin lafiya su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane cututtukan fatar kai, su san wanda za su tura gaba. Amma ko a yanzu, likitan babban asibitin da ke kusa zai iya gane makero, ya auna jini, ya rubuta takardar turawa. In za ki je, ki tsefe kan, kada ki shafa komai, ki tafi da duk kwalaben da kika yi amfani da su, ki faɗi lokacin da abin ya fara da magungunan da kike sha, har da na tsarin iyali. In kina jin nauyin buɗe kai a gaban namiji, ki nemi likita mace ko ki tafi da muharraminki. Larura ce, shari'a ta ba da dama.

Magidanta, saura ku. Yawancin matan nan ba za su je asibiti ba sai da izininku da kuɗinku, da yawa kuma tsoron gori ne ya sa suke ɓoyewa. Malam, in ka lura gashin maiɗakinka yana raguwa, kada ka yi mata ba'a, kada ka ambaci ƙarin aure ko da wasa. Ka tambaye ta cikin lallashi. In akwai ƙaiƙayi, ko raɗaɗi, ko ƙuraje, ko fili mai ƙara faɗi, ka kai ta a duba cikin wannan watan, kada a ce sai bayan Sallah ko bayan kaka.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.